Fetur a Rijiyar Gwaggo

Shi dai Injiniya bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, ko da don ya fake wa ruwan sama. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, ya rubuta shi da jan fenti a saman ƙofar shagonsa. Mutanen layin suka karɓa suna kiransa da shi, kaɗan daga cikinsu don girmamawa, sauran don gudun dogon bayani.

Gidan da yake haya bene ne mai hawa biyu, da wani ɗan tsukukun ɗaki a can bisa rufi kusa da tankin ruwa. Ɗakuna biyu na ƙasa masu ƙofa a bakin titi su ne idon gidan, kuma su yake ciki shi da matarsa. Ɗaya na kwana, ɗaya shago: ita da kekenta na ɗinki a ɓangaren taga, shi da gawawwakin fankokinsa a ɓangaren ƙofa. Ba halinsa ne ya samar masa ɗakunan ba. Mai gidan gwaggon matarsa ce, dattijuwa mai ƙarancin magana wadda ba ta maimaita zance. Ta yi masa gargaɗi sau ɗaya, ranar da ya haɗa fanka uku da igiyar shanya ya kira abin na'urar busar da wanki, na'urar ta kwashi zannuwanta ta rataye su a wayar lantarki ta titi, suka yi ta kaɗawa har sai da aka kira masu tsani. Ta ce masa in ya sake ƙirƙiro wani abu a gidanta, ɗakunan ƙasa sun zama na Mai Wanki. Shi kuwa Mai Wanki, da ke zaune a ɗakin rufi yana hawa da sauka da ƙunshin kayan mutane a ka, ya ji wannan magana ya adana ta wuri mai kyau.

Injiniya ya kama kansa har zuwa lokacin da Gwaggo ta tafi wajen 'yarta da ta haihu a wani gari.

A cikin kwanakin ne maƙwabcinsu Mai Tasi ya dawo daga kai fasinja garin kan dutse, ya zauna a bencin ƙofar shago yana ba da labari. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne gidajen man can. A nan garin in ka ce a zuba maka babban mai, wato mai tsadar nan da masu manyan motoci ke sha, lambar da ke jikin famfon casa'in da uku ce. Can sama kuwa babban man nasu casa'in da ɗaya ne, kuma ya fi na nan araha. Fasinjan ma ya gaya masa cewa a garinsu, can ƙasa bakin teku, casa'in da biyar ake sayarwa, da tsadar da sai ka riƙe aljihu kafin ka tambaya.

Injiniya ya ajiye sukundireba. Ya sa Mai Tasi ya sake faɗin lambobin, ya ɗauki alli ya zana dutse a bangon shago, ya rubuta kowace lamba a muhallinta, ya ja da baya yana kallo kamar wanda aka buɗe wa asirin duniya.

"Mutumina, shekara nawa kana tuƙi ba ka ga wannan ba? Man nan duk ɗaya ne. In ya hau sama lambarsa ta zube, in ya gangaro ta ƙaru. Masu gidajen mai sun sani, shi ya sa suka yi shiru."

Mai Tasi ya ce shi dai ya san mota tana tafiya da kowanne. Injiniya ya ce ai wannan shi ne bambancin direba da injiniya. Abin da za a yi a fili yake: a sayo mai a sama da araha, a gangaro da shi ya zama casa'in da uku a kyauta, sannan a kai shi ƙasa da ƙasa, inda ko mutanen bakin teku ba su taɓa kai nasu ba.

Matarsa ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Ta tambaye shi, in haka ne, me ya sa motar dakon man da ke kawo wa garin nan ba ta bin ta cikin kwari ta huta. Ya ce don ba su da shi a kamfanin. Ta ce to ya tuna dai da maganar Gwaggo. Ya ce Gwaggo ƙirƙira ta hana, wannan kuwa ganowa ce, kuma ranar da ya sayi gidan nan gaba ɗaya zai bar wa Gwaggo ɗakinta ba haya.

"Malam," in ji ta, tana cizge zare da haƙori, "ni tagar nan nake so. A nan nake ganin ramin allura."

Ya ce zai saya mata taga goma.

Suka yi ciniki da Mai Tasi: zai kai shi ya dawo da shi, ladansa kuma tankin farko na sabon mai idan ya nuna, wato lambarsa ta gama ƙaruwa. Washegari da safe suka ɗora jarka huɗu a but ɗin motar suka kama hanyar dutse. Tun daga gindin hawan Injiniya ya fara jin tausayin man da ke tankin motar. Duk kwanar da suka sha sai ya girgiza kai ya ce ga wata rabin lamba ta tafi. Da motar ta fara nishi a wani dogon hawa, kamar yadda ta saba yi ko a kan gadar kasuwa, ya bugi cinya ya ce Mai Tasi ya shaida.

A gidan man kan dutse wata mata ce ke riƙe da famfo. Injiniya ya tsaya ya karanta lambar da babbar murya, ya tambaye ta dalilin da ya sa tasu ta gaza ta ƙasa. Ta ce ita dai abin da ta ji, nan sama ne, mota ba ta neman babbar lamba. Kalmar sama kaɗai ya ɗauka ya bar mata sauran. Ya zagaya filin yana auna shi da ido, ya gano cewa famfon ƙarshe ya fi na farko tudu, ya nemi a sayar masa a can da ragi. Ta ce kuɗinsu ɗaya. Ya ɗora jarka a kan rufin tasi, ya hau bayan motar ya tsaya, ya ce to ta miƙo bututun nan sama, tunda a tsayin nan man bai wuce casa'in ba, sai a yi masa kuɗin casa'in. Matar ta dubi Mai Tasi ta tambaye shi a hankali ko asibiti za su wuce daga nan. Motoci suka yi layi a bayansu suna ta hon. A ƙarshe aka cika jarkokin a ƙasa kamar na kowa, Injiniya ya biya yana cewa ya yafe musu, ya rubuta casa'in da ɗaya da alli a jikin kowacce.

Cikin wannan hayaniya babu wanda ya tuna da tankin motar kanta.

Gangarowa ta yi daɗi. Injiniya yana sa a tsaya lokaci lokaci, ya buɗe but, ya shinshina bakin jarka, ya lumshe ido, ya goge lamba ya rubuta sabuwa. Sun kai casa'in da biyu da ɗan ɗoriya sai hanya ta yi wani ɗan tudu kafin gangara ta ƙarshe, motar ta yi tari biyu ta mutu. Mai Tasi ya ce ba komai, ai da mai a but. Injiniya ya zauna a kan but ɗin. Ya ce ba za a zubar da mai ɗanye ba, saura ƙiris ya nuna, wanda ya taɓa shi yanzu ya yi asarar lamba guda. Mai Tasi ya yi lallashi, ya yi zagi, ya ambaci iyayen lambar. A ƙarshe su biyun suka tura motar har kan tudun, da jarka huɗu cike da fetur a cikinta, wani mai rake a bakin hanya yana bin su da ido. Daga nan suka sulalo ba inji har gidan man farko na garinsu, inda Mai Tasi ya sayi ƙaramin mai da kuɗinsa.

Da suka iso gida, Injiniya ya rubuta casa'in da uku, ya kira maƙwabta su gani. Mai Aski na tsallaken titi ya leƙo da almakashi a hannu ya ce shi bai ga abin da ya canja ba sai allin. Injiniya ya ce haka ilimi yake, ba ya ihu.

Saura zurfi. Ya fara tura jarkokin ƙarƙashin gado, matarsa ta jawo su waje da ƙafa. Ya ɗauki diga zai haƙa rami a tsakar gida, ta tsaya a wurin da kujerarta. Yana cikin zagaye sai idonsa ya faɗa kan rijiyar bayan gida. Tsohuwar rijiya ce mai murfin ƙarfe, marigayi mijin Gwaggo ya haƙa ta, ba a buɗe ta sai ranar da famfo ya ɗauke, ranar kuwa duk layin a nan suke sha. Injiniya ya leƙa, ya jefa tsakuwa, ya saurara, ya ce wannan ta fi teku zurfi, don teku a sama yake farawa.

Ya ɗaure jarkokin da igiya ya zura. Suka ƙi nutsewa. Suka kwanta a kan ruwa suna juyi kamar agwagi. Ya koma shago ya kwaso duk dutsen gugar da aka kawo gyara, ya ɗaɗɗaura, uku suka nutse, ɗaya ta tsaya tana leƙensa. Sai ga Mai Wanki ya sauko daga rufi da babban dutsen gugarsa na gawayi, wanda ko ɗan'uwansa ba ya ara wa, ya miƙa da hannu biyu ya ce a yi amfani da shi, ci gaban layi na kowa ne.

Matar Injiniya ta ga wannan ta taga. Da ya shigo ta ce masa ya duba fa, mutumin da ke jiran ɗakinsa ne yake taya shi aiki. Ya ce har maƙiyi yakan gane gaskiya in ta yi girma.

Labari ya bi layi. Masu dutsen guga suka fara zuwa, yana gaya musu kayansu na wajen gwaji na musamman. Wata mata mai sayar da kayan miya ta zo da katin jarrabawar 'yarta, ta roƙi a zura shi a rijiyar ko na yini ɗaya ne, tunda an ce lamba tana ƙaruwa a ciki, lissafi ne ke ba yarinyar wahala. Mai Aski ya ce shi shekarunsa yake so a rage, ko akwai igiyar da ke kai mutum sama. Wani tsoho ya tambaya ko kwaɗin da ke rijiyar su ma sun fi na waje daraja. Injiniya ya amsa wa kowa da haƙuri irin na manya, ya ce su yi dariyarsu yanzu, ranar da aka fara layi babu sani babu sabo.

Bayan 'yan kwanaki ya jawo jarka ɗaya don dubawa. Ya shinshina, ya ɗiga a yatsa, ya kalla a rana. Ko shi da kansa bai ji wani bambanci ba, abin ya dame shi har ya kasa cin abincin rana. Yana zaune yana kallon murfin jarkar sai ya miƙe tsaye. Murfi a ɗaure tamau, da roba a ciki. To ta ina zurfin zai shiga? Ashe duk kwanakin nan man yana ƙasa amma bai san yana ƙasa ba. Ya jawo sauran ukun, ya ɗumama ƙusa a can shago, ya huda kowane murfi huda uku masu kyau, ya mayar da murafan, ya sake zura jarkokin har ƙasa, ya rufe rijiya. Mai Wanki ne ya riƙe masa igiya.

Daga ranar bayan gida ya fara wani ƙamshi. Injiniya yakan tsaya a wurin da safe ya ja numfashi ya ce aiki ya kankama. Ya sanar cewa ranar Asabar da hantsi za a fito da casa'in da takwas, lambar da ba a taɓa gani a ƙasa ko a sama ba. Ranar ta dace da dawowar Gwaggo, kuma Mai Tasi ne zai ɗauko ta daga tasha da azahar. Injiniya ya ce hakan ya yi daidai: Gwaggo za ta shigo gidanta a kan sabon mai, ta ji da jikinta.

Matarsa ba ta ƙara yi masa gardama ba. Da safiyar Asabar ta bi ɗaki ɗaki ta roƙi kowa kada a kunna wuta a gidan yau, ta karɓe ashana da laita ta zuba a aljihun rigarta, ta kai wa matar hawa na biyu shayi a fulas don kada ta ɗora ruwa. Sannan ta ɗauki kujera ta zauna a bakin ƙofar gida, duk mai sigari ta mayar da shi.

Tsakar gida ta cika. Mai Tasi ya shigo da motarsa da baya har kusa da rijiya, tankinta kusan a bushe kamar yadda aka umarce shi, don kada tsohon mai ya ɓata sabo. Injiniya ya fito da farar riga mai aljihu uku da biro a kowanne. Ya yi jawabi a kan dutse da teku da masu gidajen mai da za su yi kuka, sannan ya ɗaga murfin rijiya. Warin da ya taso ya sa layin gaba suka ja da baya suna tari.

"Wannan numfashinsa ne kawai," in ji Injiniya. "Ku jira ku ga shi kansa."

Aka kama igiya. Jarkar farko ta yi nauyin da sai da mutum uku suka taru. Injiniya ya ce su faɗa wa jama'a da bakinsu, da aka zura ta haka take? Suka ce gaskiya ta ƙara nauyi. Ya ce lamba ce, lamba ba ta da sauƙi. Jarkar ta fito tana sheƙi, tana warin fetur tun daga igiya har dutsen gugar da ke reto a gindinta, wanda wata mata ta gane nata ne ta fara salati. Ya buɗe ya tsiyaya kaɗan a kofin gilashi ya ɗaga sama. Abin ya fito garau, ba ja ba rawaya.

Mai Aski ya matso ya ce wannan kamar ruwa.

"Ka taɓa ganin man jirgin sama?"

Mai Aski ya ce bai taɓa ba.

"To ka gani yau."

Wani abu ƙarami baƙi mai wutsiya ya yi iyo a kofin. Injiniya ya sa yatsa ya cire shi ya ce alamar mai mai rai ke nan. Mai Tasi ya ɗan yi jim, amma ya tuna har tura mota ya yi a kan tudu saboda man nan, ba zai bar ladansa ba. Aka sa mazurari aka juye jarka guda da rabi a tankinsa.

Ya murɗa makulli. Motar ta tashi da ɗan abin da ya rage mata a bututu, ta yi ruri mai daɗi. Tsakar gida ta ɗauki tafi. Injiniya ya ɗaga hannu biyu, ya ce a saurari sautin, wannan ba sautin casa'in da uku ba ne. Mutum biyu suka ruga gida ɗauko galan. Mai kayan miya ta sake fito da katin jarrabawa. Motar ta taka a hankali cikin girma, ta kai daidai ƙofar gida, rabinta ciki rabinta waje, ta yi wani irin kurkure kamar mai wanke maƙogwaro, ta tofar da ruwa ta bututun hayaƙi, ta yi shiru.

Injiniya ya ce injin ne ya ji kunya, bai saba da abu mai kyau ba, a ba shi lokaci. Mai Tasi ya murɗa, ya sake murɗawa, ya fito ya durƙusa ya kwance wani abu a ƙasan motar, ya tara tafin hannu, ya ɗanɗana. Ya miƙe ya ce shi dai a rayuwarsa ya sha ruwan rijiyar nan da yawa, ya san ɗanɗanonsa. Ya fara naɗe hannun riga.

Abin da ya ceci Injiniya a wannan lokacin shi ne famfo ya ɗauke. Mai Wanki, da ya bar kayan mutane a jiƙe, ya zo da guga cikin natsuwa ya zura a rijiya kamar ba abin da ke faruwa. Gugan ya fito da wani abu ja-ja mai walƙiya. Ya shinshina, ya miƙa wa Mai Aski. Mai Aski ya shinshina, ya tsallake bayan motar, ya haye titi da gugan, ya juye a ɗan janaretan shagonsa ya ja igiya. Janareta ya tashi tar, fitilar shago ta kama, rediyo ya fara waƙa.

Kowa ya haɗa lissafi. Sai layin gaba ɗaya ya watse neman bokiti.

Injiniya ya dubi jarka, ya dubi rijiya, ya hau kan bakinta ya buɗe hannuwa. Ya ce jama'a su natsu, abin da ya shirya ke nan tun farko, bai faɗa ba ne don kada a riga shi. Jarkokin iri ne kawai aka shuka. Yanzu gidan nan yana da rijiyar mai, kuma shi ne injiniyanta. Babu wanda ya saurare shi. Masu dutsen guga suna jan igiyoyi suna neman nasu, masu bokiti suna hawa ta kan but ɗin tasi suna sauka ta kan gilashi, Mai Tasi yana riƙe da wuyan farar riga yana tambayar wa zai wanke masa tanki, matar Injiniya kuma tana tsaye a kan kujerarta tana ƙwace sigari daga bakin wani baƙo.

Ana cikin haka Gwaggo ta iso. Ta jira a tasha har ta gaji, ta ɗauki mai baro ya turo mata kaya, ita kuma ta biyo shi a ƙasa cikin rana. Ta tarar da mota ta toshe ƙofar gidanta. Ta miƙa jakarta ta tagar motar, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga, ta matsa, ta fita ta ƙofar baya zuwa cikin gida. Hayaniya ta mutu tun daga bakin ƙofa har rijiya. Ta zauna a kujerar da 'yar ɗan'uwanta ta sauka ta ba ta, ta ce a ba ta ruwa ta wanke ƙafa. Aka ce famfo ya ɗauke. Ta ce ai akwai rijiya. Babu wanda ya motsa, sai Mai Wanki, wanda ya kawo mata cikakken kofi da ladabi.

Ta kai shi hanci, ta ajiye a ƙasa nesa da ita.

Injiniya ya durƙusa ya yi mata barka da hanya, ya tambayi mai jego da jariri, ya ce in ta ba shi dama zai yi bayani, don abin yana da tushe. Ta ce ya yi. Ya zana mata dutsen a ƙasa da alli, da teku, da lambobin. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da ba a taɓa yi masa ba, har ya fara jin ƙarfin gwiwa ya ƙara da batun hannun jari.

"Tsaya in gane, ɗan nan," in ji ta. "Duk abin da ya zauna a ƙasa, ƙarfinsa ƙaruwa yake yi?"

"Ƙwarai, Gwaggo. Kun gane fiye da su duka."

"Wanda aka kai sama kuma ya ragu."

"Haka yake, ba makawa."

"To na ga inda na yi kuskure. Na bar ka a ƙasa ka daɗe."

Ta juya ta ce wa Mai Wanki ya sauko da kayansa. Matar Injiniya ta sunkuyar da kai tana murza ashanar da ke aljihunta. Gwaggo ta dube ta, ta dubi aljihun da ya kumbura da laitocin gidan gaba ɗaya, ta ce keken ɗinki zai zauna inda yake a gindin taga, Mai Wanki ya yi haƙuri da rabin shago. Amma gado da fankoki da mai fankoki, sama.

Kafin la'asar aka fara hawa da kaya, bayan an kira masu janye mota da masu yashe rijiya. Injiniya ya ɗauki fanka a kowace kafaɗa ya kama matakala. Mai Tasi na zaune a ƙasa da tankin motarsa a kwance a gabansa, yana bin sa da ido. Da ya kai hawa na farko ya ce, "Casa'in da biyu." Da ya kai na biyu, Mai Aski ya amsa daga tsallake, "Casa'in da ɗaya." Da ya ɓulla kan rufi, mai kayan miya ta ce wannan ai ya koma kananzir.

Ɗakin rufi bai fi a shimfiɗa katifa a juya ba. Injiniya ya ajiye fankokin, ya tsaya yana haki, ya dubi layin daga sama. Matarsa ta hawo da filo biyu, ta miƙa masa hannu. Ya ciro allin daga aljihu ya ba ta. Amma ba a raba shi da tunani, sai ga fuskarsa ta washe. Ya leƙa ta kan katanga ya hango Gwaggo a tsakar gida tana kallon masu yashe rijiya suna ɗaura igiya.

"Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Ko a gidan man kan dutse, abin sama ya fi araha. Ina fata za a duba wannan a kuɗin haya."

Gwaggo ba ta ɗaga kai ba.

"An duba, an rage maka," in ji ta. "Sai dai yasar rijiya kai za ka biya, ita kuma aikinta a can ƙasa ne. Ka fi kowa sanin lambar wurin."